Kwana Biyar a Kan Dutsen Vogel

Shekara talatin da ɗaya na tuƙa bas a Kranj,
daga tasha zuwa asibiti, in juyo.
Ƙafata ta dama ta san birki
yadda harshe ya san gurbin haƙorin da ya fita.

Zamiya a kan ƙanƙara kuwa, cewa nake na iya.
Wa bai iya ba a ƙasarmu?
Duk Lahadin sanyi nakan sauko daga dutse
ƙafafu a gwale, leɓe a cije,
kamar mai saukar da kabad daga bene.
In na iso ƙasa da raina, sai in kira shi nishaɗi.

'Yata Polona ce ta biya kuɗin,
ta tura takardar ƙarƙashin kofin gahawata:
kwana biyar a sansanin koyo.
Na ce, kifi tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ta ce, Baba, busasshen ma ana jiƙa shi.

Mu takwas ne ranar Litinin.
Ga Ciril likitan haƙori, kayan jikinsa sun yi kuɗin ƙaramar mota,
ga wasu tagwaye daga Celje, sun ba sittin baya,
ba sa faɗuwa sai tare.
Malamarmu Nuša, lasisina ya girme ta.
Sau ɗaya ta kalli saukowata, ta ce,
Metod, wa ke jan rigarka ta baya?

Talata ta karɓe mana sanduna.
Hannu wofi, kamar yara masu tatata,
muka yini muna rubuta baƙi ɗaya a kan farin allo,
lanƙwasa, goge, sake lanƙwasa.
Na faɗi sau tara. Na ƙirga,
don direba ba ya manta lissafin haɗarinsa.

Da dare, safa na bushewa a bakin murhu,
miyar sha'ir na tururi,
ta haska mana hotunanmu a bango.
Na ga wani dattijo mai jar riga
zaune a kan kujerar da babu ita,
yana laluben birki da diddige.
Kowa ya yi dariya. Ni ma, daga baya.

Laraba gajimare ya sauko ya zauna mana.
Ban ga tafkin Bohinj ba, ban ga bakin allunan ƙafata ba.
Nuša ta ce, madalla, yau ido yana hutu,
ku saurari tafin ƙafa.
Gwiwata ta kumbura. Na haɗa jaka a ɓoye,
na duba jadawalin bas, na tarar ta ƙarshe ta wuce.
Ni, na makara wa bas!

Alhamis ta tsaya ƙasa da ni a gangare mai tsauri.
Ta ce, nan babu birki, juyawa ita ce tsayawa.
Ba kwarin ƙirjinka.
Inda kake tsoro, can za ka karkata.
Na yi ashar a zuci, na karkata.
Sai allunan suka juya da kansu,
ba ƙara, ba gardama,
kamar sun daɗe suna jiran in yi shiru.
Ɗaya. Biyu. Na yi bakwai a jere
kafin murna ta kayar da ni.
Na kwanta rigingine, ƙanƙara cike da wuyan rigata,
tagwayen suka wuce suna ihu.

Jumma'a aka ba mu takardar shaida,
an rubuta sunana da kuskure.
Ciril ya yi hawaye, ya ce iska ce.

A bas ɗin komawa na zauna bayan direba,
wani yaro mai ɗan kunne, mai saurin hannu.
Hanya ta yi ta nannaɗewa zuwa kwari.
Sai da muka wuce kwana ta huɗu
na lura da ƙafata ta dama:
tana ƙasa, a shimfiɗe,
ba ta taka komai.